An ba ni injiniyan noma maimakon na man fetur: in karɓa ko in sake JAMB?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Injiniyan man fetur na cike a wata jami'ar tarayya a nan arewa, da sunaye suka fito sai na tarar an tura ni sashen injiniyan noma. Har yanzu ban karɓa a shafin JAMB ba. Babanmu ya ce in karɓa, karatu karatu ne. Yayana kuma ya ce shekara biyar zan kashe in fito direban tarakta, gara in zauna in sake rubutawa baɗi. Wani abokina ya ce in tafi poli in yi mekanikal. Shekarata 18. Don Allah waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ɗan Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka karɓa ko kar ka karɓa, a kasuwa za mu haɗu. Ni nan da kake gani elektirikal na karanta, shekara biyar har da ƙarin yajin aiki, yau caja da gilashin waya nake sayarwa, kuma alhamdu lillahi da su na yi aure. Injiniyoyin da ke layinmu kaɗai sun isa a buɗe ma'aikata da su.

Baban Khairat:
Ɗan Farm Centre, Allah ya ƙara kasuwa, amma kar ka kashe wa yaro gwiwa tun bai tashi ba.

Auta, abin da aka ba ka shi na karanta, kuma da shi nake ciyar da gidana. Ka gaya wa yayanka ba a ba da digiri a kan tuƙin tarakta. Kwas ɗin gida huɗu ne: akwai injinan gona, akwai ƙasa da ruwa, wato ban ruwa da magudanai da ƙananan madatsai da zaizayar ƙasa, akwai sarrafa amfanin gona da adana shi, sai gine-ginen gona. A aji ɗaya lissafi da fiziks da kemistiri za ku yi da kowa. A aji biyu ma yawancin darussan tare duk 'yan injiniya suke ɗauka, ɗan sibil da ɗan mekanikal da kai benci ɗaya. Sai daga aji uku kowa ke kama gabansa. Wanda ya fito daga sashenmu ya sha kusan rabin mekanikal, ya ɗebi wani abu daga sibil.

To yanzu dubi inda Allah ya ajiye mu. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo shi ke shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ga Challawa, ga kwarin Haɗejiya, ga Bakolori a Zamfara, ga Goronyo a Sakkwato, ga Daɗin Kowa a Gombe. Magudanan nan kullum cikewa suke da yashi da kachala, ƙofofin ruwa suna cin tsatsa, kuma dole sai da wanda ya iya auna gangara ya lissafa ruwan da kadada ɗaya ke sha. Bankin Duniya ya zuba kuɗi a gyaransu ta shirin TRIMING, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar noma, ACReSAL, na dala miliyan 700 da ya game jihohin arewa 19 da Abuja. Ka bi hanyar Kano zuwa Zariya ka ƙirga masana'antun shinkafa. Kowace tana da tukunyar turara, da injin busarwa, da injin tsince tsakuwa. Ranar da ɗaya ya tsaya ana tsakiyar kaka, mai wurin ba zai tambaye ka sunan kwas ɗinka ba.

Autan Hajiya:
Na gode Baba. Amma ai ana cewa kuɗin yana wajen mai ne. Ga shi ma an samu mai a arewa.

Injiniya Mai Kwalbati:
Kuɗi yana wajen mai, babu musu. Tambayar ita ce mutum nawa ƙofar ke ɗauka. Rijiyar Kolmani da kake nufi, tsakanin Bauchi da Gombe, tun Nuwamban 2022 Buhari ya je ya ƙaddamar da ita. Ka tambayi 'yan yankin injiniyoyi nawa aka ɗauka daga lokacin zuwa yau. A kudu ma manyan kamfanonin Turawa sayar da rijiyoyinsu na tudu da na bakin teku suke yi: Agip ta koma hannun Oando, na Mobil ya koma Seplat, Shell ta miƙa nata ga Renaissance.

Sannan akwai abin da yara ba su sani ba. Kamfanin mai ba 'yan kwas ɗin man fetur kaɗai yake ɗauka ba. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, cike take da 'yan kemikal da mekanikal da elektirikal da masu kula da na'urorin awo. Bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, aikin walda ne da haƙa da awon ƙasa. Ɗan mekanikal zai iya shiga kamfanin mai, in bai samu ba ya tafi siminti a Kalambaina ko Ashaka, in bai samu ba ya tafi shinkafa. Ɗan man fetur in ƙofar mai ta rufe sai ya fara yi wa mutane bayanin abin da ya karanta. A ganina, ga ɗan talaka da ba shi da kowa a sama, shi ne kwas mafi ƙuncin hanya a duk tsangayar. Da sibil ko elektirikal aka hana ka da na ce a zauna a yi tunani. Wannan kam ban ga abin kuka ba.

Dakta na Tsangaya:
Ina koyarwa a tsangayar injiniya, bari in taɓo ɓangaren takarda.

Sake JAMB caca ce. Shekara za ta tafi, kuma babu wanda ya ba ka tabbacin makin baɗi zai fi na bana, ko a ce an ba ka abin da kake so. Ka kuma sa lissafin yajin aiki: a 2020 ASUU ta yi wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙara shekarar bautar ƙasa. Yawancin tallan ɗaukar sabbin ma'aikata a manyan kamfanoni suna yanke shekaru a 26 zuwa 28. Kai da kake 18 kana da sarari, kar ka fara rabar da shi tun yanzu.

Akwai canjin sashe bayan aji ɗaya a jami'o'i da yawa, amma sai makinka ya yi kyau sosai kuma sai akwai gurbi. Kar ka shiga da niyyar cewa dole za a canza maka; na ga yaran da suka yi shekara biyar suna fushi da kwas ɗinsu, suka fita da sakamakon da ba ya nunuwa.

Abin da za ka bincika kafin ka biya ko sisi shi ne: shin hukumar jami'o'i, NUC, da hukumar kula da aikin injiniya, COREN, duka biyun sun tantance wannan kwas a wannan jami'ar? Ba sunan jami'a ake tantancewa ba, kwas-kwas ake bi. In COREN ba ta amince da shi ba, za ka sha wuya ranar rajista. Tun 2023 COREN ta samu kujerar wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, shi ya sa yanzu tantancewar ta ƙara tsauri.

Ɗan Poli:
Kowa ya tsallake shawarar abokinsa kamar ba a faɗa ba. Poli fa? ND shekara biyu, ka fita aikin koyo shekara guda, ka dawo HND shekara biyu. Yaro yana shekara 20 ya riga ya iya leda da walda, yana samun na sabulu. In ya fita da sakamako mai kyau a ND zai iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu. Mu ne muke koya wa 'yan digiri riƙe sifana in sun zo wurin aiki. Kaduna Poli ta haifi manya. Kwankwaso ma can ya yi kafin ya zama babban injiniyan ruwa a WRECA, hukumar ayyukan ruwa ta Kano.

Ɗan Farm Centre:
To fa, an taɓo jar hula. Yanzu zaure zai kama da wuta.

Shugaban Zaure:
Tarihin karatu ya kawo, an ji. Wanda ya ɗora siyasa a kai zan goge.

Dakta na Tsangaya:
Malam Ɗan Poli, ban raina poli ba, kuma gaskiyarka ce a kan aikin hannu. Amma yaron nan gurbin digiri yake da shi a hannu. Ka san COREN rukuni huɗu take yi wa rajista: injiniya, da masanin fasaha, da ƙwararren ma'aikaci, da mai sana'ar hannu. Mai HND a rukuni na biyu yake shiga, sai ya ƙaro difloma ta gaba da digiri kafin a rubuta shi injiniya. A aikin gwamnati ma har yau bambancin bai mutu ba. Majalisa ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, ba a sa hannu ba. Ta yaya zan ce wa yaro ya saki digiri ya bi doguwar hanya zuwa wuri ɗaya?

Ɗan Poli:
Ba wuri ɗaya ba ne Dakta. Ku kuna kai su ofis, mu muna kai su wurin inji. Kuma wannan bambancin ku malaman jami'a ne kuke rura shi.

Dakta na Tsangaya:
Allah ya huci zuciyarka. Ba ni na rubuta tsarin aikin gwamnati ba.

Injiniya Mai Kwalbati:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma abin da Ɗan Poli yake faɗa shi ne ciwon. Bari in faɗa wa Auta inda ake rabuwa tsakanin mai aiki da mai yawo da fayil, domin ba a sunan kwas ake rabuwa ba.

A aji huɗu akwai SIWES, wata shida na koyon aiki a wajen makaranta, shirin da hukumar horar da ma'aikata, ITF, ta fara tun 1973. Yawancin yara sai su kai takardarsu wata ma'aikatar gwamnati kusa da gida, inda babu abin da ake yi sai karatun jarida, su riƙa zuwa ranar Juma'a ana sa musu hannu a littafi. An jefar da wata shida mafi daraja a duk karatun ke nan. Ni duk wanda ya zo wurina, ranar farko hular kwano da takalmi nake ba shi in tura shi gindin injin kwaɓa.

Ranar zuba dakin, wato rufin kankare, nan ake karatu. Takarda ta ce kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti kwanon sarki biyu ne, ke nan buhu ɗaya yashi huɗu, tsakuwa takwas. Ka juya baya ka amsa waya, yashi ya koma shida. Leburori kuma suna son ruwa ya yi yawa don kankare ya yi saurin gudu a kwano, alhali ruwan nan shi ke cinye ƙarfinsa. Ka hau sama ka tarar zane ya ce rodi mai kaurin milimita 16 an saka mai 12, ko an kwantar da rodin a kan katako babu ɗan biskit ɗin da zai ɗaga shi, gobe ruwa ya same shi ya yi tsatsa. Ka ɗebi kankaren a 'yan akwatuna a kai a matse a kwana 7 da kwana 28. Ka tabbata ana yi masa ban ruwa aƙalla mako guda, kuma ba a zare katakon tallafi da wuri don ɗan kwangila yana son kai shi wani aiki ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ba a koya a aji ba. Abin da ba a koyarwa shi ne yadda yaro ɗan shekara 22 zai dubi birkila sa'an babansa ya ce, "Baba, a yi haƙuri a fasa wannan a sake," kuma a fasa ɗin ba tare da an yi zage-zage ba.

Akwai wani mai gini da ya taɓa kirana gefe ya ce in rage rodin fila, ai gidansa ne, in ya faɗi shi ya shafa. Na ce masa hatimina ne a kan zanen, kuma 'yan haya ne za su kwana a ciki, ba shi ba. Na bar aikin. Wannan hatimin ba a samunsa sai ka yi shekara huɗu kana aiki bayan digiri, har da ta bautar ƙasa, ka rubuta rahoton abin da ka yi da hannunka, manya su titsiye ka da tambayoyi. Dokar COREN tun 1970 take, kuma a ƙa'ida wanda bai yi rajista ba bai isa ya sa Injiniya a gaban sunansa ba, ko da yake a garin nan mai gyaran janareta ma Injiniya ne, ba mu hana ba.

Anti Mai Sola:
Yallaɓai Mai Kwalbati ya gama magana a kan gini, bari in kawo ta ɓangarenmu, don ta shafi kwas ɗin Auta kai tsaye.

Elektirikal na yi, yanzu rabin aikina famfunan ban ruwa ne masu sola, tunda man fetur ya fi ƙarfin manomi bayan cire tallafi a 2023. Kwanaki aka kira ni gonar wani bawan Allah. Ya sayi famfo da faranti masu tsada, ruwa yana zuwa tanki kamar ana tsiyaya shayi. Mai shagon ya nuna masa jikin kwali: tsawo mita kaza, ruwa lita kaza a awa. Abin da bai gaya masa ba shi ne lambobin nan biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda; in famfo ya kai ƙarshen tsawonsa, ruwan da yake turowa ya kusa zama babu. Na zura igiyar awo a rijiyar. Ruwa yana tsaye a mita 18, amma da an kunna famfo sai ya sauka kusan 30. Tanki yana sama mita 6. Sannan an ja bututu mai inci ɗaya kusan mita 200 zuwa tankin, gogayyar ruwa a cikin siririn bututun nan kaɗai ta cinye ƙarfi mai yawa. Ba mu taɓa famfon ba. Bututu muka canza zuwa inci biyu, muka juya farantan suka fuskanci kudu, muka sa yaro ya riƙa share musu ƙurar hunturu da safe.

Lissafin ruwan nan ba a sashenmu na koya ba, wurin wani ɗan injiniyan noma na je na zauna ya koya mini. Auta, kai a aji za a ba ka shi. In ka haɗa da sanin wayarin da inbata a lokacin hutu, kafin ka gama makaranta manoma sun san lambarka.

Ummin Abba:
Anti don Allah in ɗan shigo da tawa. Ina aji shida na sakandare, ina son sibil, amma a gida ana cewa ba aikin mata ba ne, wai wa zai bar matarsa tana hawa gini cikin maza.

Anti Mai Sola:
Ƙanwata, da hijabina nake hawa rufin kwano, sai dai in ɗaure shi da kyau in sa wando a ciki. Amma kar ki yi musu da su a kan hawa gini. Ki nuna musu cewa sibil ba fili kaɗai ba ne: akwai ofishin zane, akwai ɗakin gwajin ƙasa da kankare, akwai hukumomin ruwa, akwai koyarwa. Ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, tun 1982 take, tana da rassa a jihohi, kuma a 2024 mace ta hau shugabancin ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, karo na farko, Margaret Oguntala, ƙungiyar da aka kafa tun 1958. Ki nemi wata injiniya mai aure a garinku ta zo ta gaida Mama. Zuwanta ɗaya ya fi bayaninki goma. Ki dage da lissafi da fiziks da kemistiri, su da Turanci za ki rubuta a JAMB.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina bin wagga muhawara da daɗi, don mu ma haka ta faru gare mu. Da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011, mai ganga 20,000 a rana, duk yaron da ya samu bak, wato shaidar gama sakandare, sai ya ce fetur zai karanta. An zo an ja bututu kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme ta Benin, aka hwara lodi a 2024. To amma waɗanda na gani suna aiki kullum su ne 'yan gine-gine da 'yan lantarki da 'yan ruwa, na makarantar injiniya ta EMIG a Yamai da na jami'o'in jihohi. Tun da Najeriya ta yanke muna wuta a Agustan 2023 mai sanin sola bai zamna ba. Mu nan ko injin ban ruwa na Jiratawa ya lalace sai an nemi mai gyara. Tambayata: layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ana ɗaukar ɗalibai koyon aiki?

Injiniya Mai Kwalbati:
Malam na Maraɗi, barka da shigowa. Aikin kusan kilomita 284 ne, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, tun 2021 aka ƙaddamar. Irin waɗannan manyan ayyuka, shawarata ɗalibi kar ya tsaya aika takarda babban ofis. Ya je sansaninsu mafi kusa da takardar makaranta a hannu, ya nemi ƙananan 'yan kwangilar da ke yin kwalbatoci da cikon ƙasa. Su ne suka fi buƙatar hannu, kuma a wurinsu ake barin yaro ya taɓa na'urar awo.

Ɗan Farm Centre:
Wasa na yi da farko, amma bari in yi maganar gaske, don kada Auta ya ɗauka duk wanda bai samu aiki ba malalaci ne. Ban yi wasa da SIWES ba, a masana'anta na yi. Bayan bautar ƙasa wani kamfani ya ɗauke ni, albashin bai kai abin da yaron shagona yake samu yanzu ba, ga aikin dare, ga wata biyu ba a biya ba. Na rubuta jarrabawar ɗaukar aiki har Legas, na ci, aka ce a jira kira, sai ji na yi waɗanda ba su zo ba sun fara aiki. Ku je Sharaɗa da Bompai ku ga masana'antun da suka koma sito, ku je Kakuri ku ga masaƙu. Wuta babu. Ina injiniya zai yi aiki in inji ba ya juyawa? Ku manya kun shigo lokacin da ake ɗaukar mutum tun yana bautar ƙasa.

Baban Khairat:
Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda zai ƙaryata ka. Albashin farawa a ƙananan kamfanoni abin kunya ne, sanayya kuma tana aiki. Ni ma ba aikin ofis ne ya riƙe ni ba. Da ƙera injin sussukar masara na fara, ni da wani mai walda, shi yana da hannu ni ina da lissafin juyin fule da kaurin shaft. A cibiyar binciken noma, IAR ta Samaru, da cibiyar injinan noma, NCAM ta Ilorin, an daɗe ana ƙera irin waɗannan injina, matsalar ba su cika isa hannun manomi ba. Wanda ya tsaya a tsakanin nan yana samun abinci. Shi ya sa nake ganin kwas ɗin Auta ya fi wasu sauƙin tsayawa da kai. Ɗan man fetur ba zai haƙa rijiyar mai a bayan gidansu ba.

Kai ma Ɗan Farm Centre, ban yarda ka bar injiniya ba. Wa ke gyara layin caji a allon waya a shagon naka?

Ɗan Farm Centre:
Ni ne, amma a wurin wani yaro da bai gama sakandare ba na koya.

Ɗan Poli:
Dakta, ka dai ji da kunnenka.

Dakta na Tsangaya:
Na ji. Kayan ɗakunan gwajinmu wasu sun girmi ɗaliban, ban ɓoye ba. Shi ya sa nake gaya wa nawa: hutun ƙarshen shekara ba na kwanciya ba ne. Mai Kaduna ya tafi Panteka, mai Kano ya tafi Ƙofar Ruwa ko garejin da ake tada injin dizal, ya durƙusa ya ce ya zo koyo. Amma kada a ɗauka lissafin banza ne. Da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, ba mai walda ake nema ya faɗi yawan ruwan da madatsa za ta iya ɗauka ko faɗin mafitarsa ba. Wannan aikin mai lissafi ne, kuma irinsu ba su da yawa a arewa.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Na duba, kwas ɗin yana cikin waɗanda aka tantance. Saura abu biyu. Lissafina ba shi da ƙarfi sosai, da ƙyar na samu C6. Sannan Babanmu ɗan fansho ne, ina tsoron kuɗin rajista da kwamfuta.

Dakta na Tsangaya:
C6 ta shigar da kai, amma ba za ta riƙe ka ba. Lissafin injiniya daga aji ɗaya har aji huɗu yake bin mutum, kuma shi ya fi mayar da ɗalibai baya. Kafin a buɗe makaranta ka samo littafin ƙarin lissafi na sakandare, ka zauna da aljabra da tirigonometiri da farkon kalkulas, kullum awa biyu, da biro da takarda, ba kallon bidiyo kawai ba. In an fara karatu ka nemi 'yan aji uku masu yin darasin taimako a masallaci ko a azuzuwa da daddare. Makin aji ɗaya da biyu shi ne tushe. Wanda ya faɗi a nan da wuya ya miƙe.

Batun kuɗi, akwai asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, tun 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cirewa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Sai ka yi rajista ka samu lambar ɗalibi kafin ka nema, don haka kuɗin farko dole a nemo shi a gida. Ka kuma leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku.

Anti Mai Sola:
Kwamfuta kar ta tayar maka da hankali a aji ɗaya, allon zane da kalkuleta za ka fi buƙata. Zuwa aji biyu ka nemi ta hannu mai ƙwaƙwalwa giga 8, ta isa manhajar zane ta AutoCAD da ta lissafi, Excel. Excel ɗin nan kar ka raina shi, da shi nake duk lissafin faranti da batir da kuɗin aiki.

Baban Khairat:
Auta, wane gari kake?

Autan Hajiya:
Kano, Baba. Wajen Panshekara.

Baban Khairat:
To ai kusa ne. Ranar Asabar za mu zare famfo a wata rijiya a bayan Kura, bayan sallar asuba muke fita kafin rana ta yi zafi. Ka nemi izinin Babanku, in ya yarda ka yi mini magana ta gefe in kwatanta maka wurin. Ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu, akwai taɓo.